Ɗamarar Mbok

...ga shi kuma ta sake riƙe numfashi, Mas, maigidana. Na ce ta riƙa sakinsa a hankali kamar mai hura shayi, amma da ta fara ɗaga ƙugu sai ta datse haƙora. Mahaifiyarka ce kwance rigingine a tabarma, gwiwoyi a tanƙware, hasken safiya na shigowa ta taga yana sauka a ƙafafunta. Ni kuwa ina durƙushe, ina ƙanƙan da kaina don kada kaina ya yi wa nata tsawo da yawa. Ni ce zan ba Mbok Sumirah umarni? Ni da ko gabanta zan wuce sai na rusuna na sauke hannu?

Ɗaga, Mbok... kaɗan kawai. Yadda tafin hannuna zai shige ƙarƙashin bayanki.

Bakin yatsuna ne kaɗai suka shiga. Cinyoyinta na rawa. Ta sauke.

Gada, irin ta kan kogi, haka Bu Ningrum ta kira wannan motsin. Ma'aikaciyar jinyar nan da ke zuwa zauren ƙauye duba tsofaffi. Akwai gada, akwai kyanwa — a yi rarrafe, a gantsare baya, a kuma tattaro shi — akwai shanye cibiya ciki kamar mai son shiga tsohon siket. Ban iya karanta takardar da sauri ba, hotunan nake bi. Ranar farko Mbok ta kalli Bu Ningrum sama da ƙasa: "Wannan yarinyar, ƙugu kamar tsinken tsire, ita za ta koya min ƙugu? Na goyi kwalabe tun uwarki na wasan ƙasa!" Tsofaffin suka kwashe da dariya. Bu Ningrum ma ta yi dariya, ta ce, "Gaskiya ne, Kaka, kin goyi kwalabe. Amma ke ɗamara ce ta goye ki."

Ɗamarar... ga ta can a kan benci, baƙa, a nannaɗe, tsawonta ya fi igiyar shanya. Kai ka san ta tun kana goye. Kullum asuba ta ɗaure bakinta a ginshiƙin ɗaki, ta ja baya, ta yi ta juyi tana naɗe kanta a ciki har ta iso ginshiƙin a miƙe kamar gora. Sannan kwando a baya, cike da kwalaben jamu, maganin gargajiya: gangamau da tsamiya, citta, mai ɗacin nan na masu ciwon jiki. Ƙauye zuwa ƙauye. Naman cikinta ya samu mai yi masa aiki, in ji Bu Ningrum, shi ya sa ya kwanta barci. Yanzu sai an tashe shi. A cire ɗamara, a bar jiki ya riƙe kansa.

Da ta cire kuwa... Allah sarki. Kamar buhun da aka juye shinkafarsa.

Kyanwa yanzu, Mbok. Mu juya.

Tun da ta zame a bakin rijiya da damina ke nan. Ba abin da ya karye, kai ma na gaya maka a waya, can cikin gonar kwakwar manjanka da ba a jin magana sosai. Amma tun ranar ba ta ƙara tashi daga ƙasa da kanta ba. A kujerar roba take sallah. In ta yi sallama sai ta shafa goshinta, ta ce ya manta ƙamshin tabarma. Ba ta kallona in za ta faɗa.

Mbak Rukmini kuma... yayarka ba ta zagaye-zagaye. Muryarta ta cika ɗakin nan daga cikin waya: in an zo Sallah Mbok ba ta iya tashi da kanta, birnin Surabaya za ta tafi da ita, magana ta ƙare. Gidan bene. Gado mai ƙarfe a gefe. Ba muguwa ba ce, na sani, tsoro take ji. Amma wa zai cire ciyawar kabarin Bapak, mahaifinka, kafin azumi? Wa zai ce min gishiri ya yi yawa? Mbok ta juya fuska bango ranar, ta ce, "Gawata za ta ɗauka, ita ba ta da nauyi."

Azumi ya ƙarato, Mas. Manguron bayan gida har ya fara zubar da fure.

Tana rarrafe yanzu. Gashinta ya kwance, fari, ya zubo gaba. Bayan ya ƙi gantsarewa, ya saba da siffar kwando. "Kyanwar nan taku ta tsufa, Nduk," ta ce, tana haki. Nduk, wato 'yata. Uwata ta rasu ban kai ga sanin muryarta ba, Mbok ce mace ta farko da ta kira ni haka, daren da aka kawo ni gidan nan ina kuka a bakin murhu, ta miƙo min kofin jamu mai ɗumi ba ta tambaye ni komai ba...

An gama. Sauran tashi.

Na san yadda aka ce. Ta matso kusa da benci, ta dafa, ta kafa ƙafa ɗaya a gaba, ta shanye cibiya, ta tura ƙasa. Bu Ningrum ta riƙe ni a bakin zaure ta maimaita: "Ki tsaya kusa, amma kada ki ɗaga ta. Hannunki a baya. Kin ji, Dik Wartini?" Na ce to. Kullum to nake cewa.

To yaya? A ce babba na ƙasa, yana nishi, kai kana tsaye a kansa hannu a baya kamar mai gadin gona? Wa ya taɓa tarbiyyantar da ɗiyarsa haka? Ga Yu Painem maƙwabciya, ina jin ƙarar tsintsiyarta dab da taga. Kafin azahar duk masu sayen kayan miya sun ji: matar Darmaji ta bar tsohuwa a ƙasa tana kallo. Shi yana can yana shan wahala, ita ga abin da take yi wa uwarsa.

Ta miƙo hannu. Ba ta ko ɗago kai ba, ta san ina nan. Jiya ina nan, shekaranjiya ina nan. Hannayena har sun tafi da kansu, sun san wurin, ƙarƙashin hammata, a rungumo, a ɗaga — kullum kafin ta gwada. Kullum. Ta yi gada, ta yi kyanwa, ta jiƙe da gumi, in aka zo kan abin da duk don shi ake yi... sai in ɗauke mata shi. Ko sau ɗaya ban bari ƙafarta ta ji nauyinta ba.

Waccan ɗamarar ta kan benci an cire ta. Ni fa? Ni wa zai kwance?

Na mayar da hannayen baya, Mas. Na damƙe ɗaya da ɗaya, farce na shiga nama.

"Nduk?"

Ta ɗago. Ba fushi a idon, da fushin ne da sauƙi. Mamaki ne, irin na yaron da aka saki hannunsa a kasuwa.

Benci, Mbok. Yana damanki. Muryata ce wannan? Ta fito kuwa?

Tsintsiyar Yu Painem ta tsaya.

Ranar Sallah zan durƙusa a gwiwoyinta kamar kowa, in kifa kai in nemi gafara. Ta wanne zan nema — ɗagawar da na yi ta yi, ko wannan? A ɗakin nan ma zan durƙusa, ko a bene?

Hannunta na nan a iska tsakanina da benci. Bai zo gare ni ba, bai tafi can ba. Na gaji, Mas. Ban ɗaga kowa ba yau, amma ban taɓa jin nauyinta kamar haka ba.