Taku Uku a Bayan Noelene

Ni na fara gani. Kafin kyaftin, kafin ma'aikatansa masu fararen kaya, kafin na'urarsu mai ƙara, kafin ma matar mutumin da suka shekara hamsin da ɗaya tare. Mutum dubu biyu da ɗoriya a jirgin ruwan nan, amma ni kaɗai, Merv Hanrahan, da ban gama aji huɗu ba, na san an bar mutum a baya.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na bar makaranta na shiga yankan rake a Ingham. Na yi shekara ashirin da shida a ramin tagulla a Mount Isa, rami ya rufta da ni sau biyu. Guguwa ta taɓa ɗauke rufin gidana ina ciki, ina riƙe da ƙafar gado. Duk na fita. Kuma ba karatu ne ya fitar da ni ba, lura ce. A ƙarƙashin ƙasa, in katakon tokare rami da ya saba kuka ya yi shiru, ba ka tsayawa tambaya.

Tun da matata ta rasu nake bin jiragen ruwan shaƙatawa daga Brisbane. Wannan tafiya ita ce ta goma sha tara. Ni ba na iya zama wuri ɗaya, ƙafata ƙaiƙayi take, sai dai in yi ta zagaye daga hawa zuwa hawa ina kallon mutane. Kwana biyu kacal ya ishi fasinja ya kafa al'adarsa kamar a jirgin aka haife shi. Akwai wasu mata biyu, ya da ƙanwa, da ke zagaye saman jirgi sau goma sha biyu kafin karin kumallo, kullum ta hannun hagu. Akwai wani mai tumbi da ke ɗibar ƙwai shida ya ci biyu. Ba na ɗaura agogo a jirgi. In na ga wanda ya wuce, na san lokaci.

Sai kuma Lyle Petrie, tsohon ma'aikacin gidan waya daga Toowoomba. A hawa na tara akwai kujera ɗaya a lungu, kusa da tukunyar shayi, inda iska ba ta kaiwa. Tun shida na safe Lyle zai shimfiɗa mata tawul, ya maƙale shi da abin maƙale shanya mai siffar jan aku, ya tafi. Ba zai zauna ba sai huɗu da rabi na yamma daidai. Awa goma da rabi kujera tana gadin tawul, ni ina tsaye.

"Kai kurma, gadon gidanku ce?" na taɓa ce masa.

Ya murɗa ɗan abin da yake sawa a kunne, ya ce, "Sake faɗi, tsohon ɓera. Ko ka koma raminka, can ba mai ƙwace maka wuri."

Haka muke gaisawa kullum.

Matarsa Noelene ita ce gaba a komai. Tana tafe da wata ƙatuwar jaka, tana magana ba ta juyawa, shi yana binta taku uku a baya yana cewa "Mm." Komai nasa a jakar nan yake: allurar ciwon sugarsa, kwalin na'urar kunnensa in zai shiga ruwa, da katinsa na jirgi, wanda ake nuna wa na'ura a bakin ƙofa in za a fita ko za a shigo. Ta ce sau uku yana yar da kati, don haka ta ɗaure nasa da nata a igiya ɗaya.

A kwana na bakwai muka tsaya a wani ɗan tsibiri a Vanuatu. Ba a kwana a wurin. Mutanen babban tsibirin da ke tsallake su zo da safe da kwakwa da kifi da tabarmi, su koma kafin yamma. Jirgi ba ya iya matsawa kusa, sai ƙananan jirage masu inji ke kai mu suna dawo da mu. An ce na ƙarshe zai taso ƙarfe huɗu, biyar kuma mu kama hanya.

Na zagaye tsibirin sau uku. A zagaye na biyu na ga Lyle can bayan tsibiri, ya fito daga wanka, ya kwanta gindin wata bishiya da hula a fuska. Na so in zuba masa yashi a takalmi, na fasa.

Ƙarfe uku sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ma'aikata suka raba mana rigunan leda masu hula, duk shuɗi, duk iri ɗaya. Aka yi ta turereniya a kan gadar shiga ƙananan jirage. Na faɗa bayan wata mata tana ta surutu a kan takalmin da ke shan ruwa, da wanda ya nace sai an saye shi. Don ta bar ni in ji da sanyina nake cewa "Mm." A ƙaramin jirgi ma bayanta na samu wuri. Da muka iso ƙofa ta miƙa hannu, na'ura ta yi ƙara sau biyu, mai gadi ya ɗago ya kalle ni ya yi mini hannu in wuce. Ni kuwa na ratse zuwa na'ura ta biyu na nuna katina. Ban kawo komai a raina ba.

Na sauya kaya na hau hawa na tara. Agogon bango ya ce huɗu da rabi. Ga tawul, ga jan aku, ba Lyle.

Na ce yau dai. Na ture tawul na zauna, na miƙe ƙafa. Kwana bakwai ina son kujerar nan, amma sai na ji kamar a kan tururuwa nake. Na tashi na zuba shayi, ban sha ba. Na leƙa matakala. Na dawo na zauna. Minti biyar, minti takwas. Mutumin da ya shekara arba'in yana raba wasiƙu a kan lokaci ba ya makara wurin shayi. Katako ya yi shiru.

Na gangara hawa na biyar, inda Noelene ke wasan lambobi kullum daga huɗu da kwata. Na same ta da alƙalami a hannu.

"Madam, ina mutuminki?"

"Yana kujerarsa," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Daga can nake."

"To yana ɗaki yana neman safa. Tare muka dawo, a bayana yake. Matsa mini, Merv, kana tare mini allo."

"Kin juya kin gan shi?"

"In ga me? Shekara hamsin da ɗaya ina ganinsa."

"Me kika ce masa a hanya?"

"Ina ruwanka? Na ce masa takalmin nan da ya nace..."

Na ce, "Noelene, ni ne na ce Mm."

Ban jira ta gane ba. Shekarata saba'in da takwas, gwiwa ɗaya ta ƙarfe ce, amma hawa biyu na sauka kafin ta ajiye alƙalami. A bakin ƙofa na tarar ana janye ƙaramin jirgi na ƙarshe sama, ruwa na zuba daga gindinsa. Shugabar masu gadi, wata 'yar Filifin mai suna Marites, tana naɗe waya.

"'Yar nan, ku dakata. Akwai mutum a tsibiri."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. "Baba Merv, kowa ya shigo. Duba, duk wanda ya fita na'ura ta nuna ya dawo. Je ka sha shayinka."

"Na'urarku kati take ƙirgawa, ba kai ba."

"Baba, kowane kati da hoton mai shi."

"Hoton tsoho mai farin gemu a cikin leda? Mu nawa ne haka a jirgin nan? Ɗari huɗu?"

A ƙarƙashin ƙafata na ji ƙugin sarƙa, an fara janye anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya. Na kasa tsayuwa, na je bakin ƙofa na dawo, na sake zuwa. Tsibirin ya zama wani baƙin layi a cikin ruwan sama. Kwale-kwalen masu kwakwa duk sun tafi.

Sai ga Noelene tana haki. Na ce, "Juye jakar nan." Ta juye a kan tebur ba musu. Ga kati biyu a igiya ɗaya. Ga allura. Ga ɗan kwalin kunne, ta buɗe, na'urorin duk biyun suna ciki.

Marites ta daina murmushi. Ta kira ɗakinsu, ba a ɗauka ba. Ta ce za ta sa a kira sunansa a lasifika.

"Kira har gobe," na ce. "Kunnuwansa ga su a kan teburinki. Shi ya sa bai ji ƙahon jirgi ba."

Marites ta juya ga Noelene. "Yaushe yake allura, Mama?"

"Biyar da rabi," in ji Noelene. "Kuma tun safe ayaba ɗaya ya ci."

Marites ta ɗaga rediyonta ta yi magana da kyaftin a sama. Na ƙirga numfashina har goma sha huɗu, sannan sarƙa ta tsaya.

Da aka sauke ƙaramin jirgi suka ce in zauna, ba a fita da fasinja. Na ce, "Bishiya nawa ce a tsibirin? Wa ya san wadda yake kwance a gindinta?" Na danna kwalin kunne a aljihu na shiga. Muka tafi da Marites da wata nas da matuƙi, igiyar ruwa na ɗaga mu tana makawa.

Na kai su gindin bishiyar kai tsaye. Hularsa kawai muka samu, ta cika da ruwa. Marites ta kalli teku, nas ta kalli teku, na san abin da suke tunani. Suka fara kiran sunansa, suna kiran kurma.

Na ce su yi shiru in yi tunani. Huɗu da rabi ta wuce. Mutum irin Lyle, ko a lahira ne, me zai nema a wannan lokaci? Lungu, inda iska ba ta kaiwa, kusa da tukunyar shayi. Da rana na ga wata rumfa a ƙarshen layin masu sayarwa, inda wata mata ke dafa shayi a kan duwatsu uku. Na ce, "Ku biyo ni."

Yana can. Ya rakuɓe a lungun rumfa kusa da tokar da ta jiƙe, leɓensa ya yi fari, jikinsa na rawa, yana kallon agogon hannunsa. Nas ta soka masa yatsa ta auna sugarsa, ta tura masa wani abu mai zaƙi a baki. Ni na durƙusa na sa masa kunnuwansa da hannuna.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Duk jirgin nan an rasa wanda za a aiko sai ɓera?"

"Ɓera ne ya san rami, kurman banza."

"Ina Noelene?"

"Tana gabanka, kamar kullum."

Ya lumshe ido. Can ya buɗe ya ce, "Ka taɓa mini tawul?"

Jirgi ya yi lattin awa ɗaya da minti goma. Noelene na bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta kwance katinsa daga igiyarta ta rataya masa a wuya. Washegari na gan su za su karin kumallo, tana taku goma tana waigowa. Kwana biyu ta yi haka, a na uku wuyanta ya gaji.

Kujera kuwa bai bar mini ba. Sai dai da safe na tarar an jawo wata kusa da ita, da tawul, da koren aku. Nakan zauna minti biyar, mu zagi juna, in tashi in ci gaba da zagaye.

Na ji wasu na cewa sa'a ce kawai, wai da an jima kaɗan matarsa za ta lura. To. Watan biyar ina sake tashi daga Brisbane. Duk mai shakka ya sayi tikiti ya zo ya same ni a hawa na tara. Ya ba ni kwana biyu, a na uku ya rufe duk agogon da ke jirgin, ya tsayar da ni inda ya ga dama, in faɗa masa lokaci daga masu wucewa. In na kuskure da minti biyar, ya jefa ni teku. Amma ya tsaya a bakin ƙofa da tawul, don can ma zan fito.