Bokitin Muniratu a Lambun Mma Luba

Muniratu ta fito daga gida da sirinjin allura a hannu, sai ta tarar mutane sun kewaye lambun latas ɗin kakarta. Ga Mma Luba zaune daram a kan bokitin da Muniratu ta kife a ƙasa. Osumanu, mai filin, yana tsaye a gabanta ya riƙe ƙugu.

"Mma, tashi in gani," in ji shi. "Duk unguwar Maamobi ana cewa yarinyar nan ta samu zinariya a filina."

"Jikata ta ce kada a buɗe. Kawo 'yan sanda su ɗaga ni."

Muniratu ta kutsa cikin mutanen. Wata uku tana wannan awo don kammala digirinta, kuma yau ce ranar ƙarshe, gobe za a kai kwalaben da ta tara ɗakin gwaji. In aka ɗaga bokitin kafin minti arba'in su cika, abin da ya taru a ciki ya tsere ke nan.

"Baba Osumanu, wallahi iska ce kawai nake tarawa."

"Iskoki? A filina?"

Mutane suka ja da baya. Wata mai sayar da koko ta fara a'uziyya.

"Ba waɗancan ba!" in ji Muniratu. "Ƙasa ma numfashi take yi, tana shaƙa tana fitarwa. Cikin abin da take fitarwa akwai mai ƙara wa duniya zafi. So nake in ga wanne ya fi sa ta fitar da shi, takin zamani ko kashin shanu."

Ta duba agogo, ta ga lokaci ya cika, ta durƙusa, ta soka sirinjin a robar da ke gefen bokitin, ta zuƙo, ta ɗura a 'yar kwalba. Osumanu ya karɓa, ya ɗaga sama, ya girgiza. Babu komai.

"Wannan za ki kai jami'a? Kai, boko da wahala!" Ya miƙa mata, ya tafi yana dariya, jama'a suka watse.

Mma Luba dai ba ta yi dariya ba.

"Numfashi kika ce tana yi?"

"E, Mma."

"Shi ne kika bar ni na zauna mata a hanci tun ɗazu?"

Ta miƙe da ƙyar, ta ture bokitin da ƙafa, ta sunkuya tana yi wa ƙasar fifita da bakin mayafinta.

"Sannu," in ji ta. "Ba da sanina ba ne."