Abin da Ke Cikin Kwamfutar Farfesa

Shekararta goma sha ɗaya a sashen kwamfuta na jami'ar, tana gyara wa malamai na'urori, tana saka musu manhajojin bincike, tana koya wa waɗanda suka yarda a koya musu. Abokan aiki suna ce mata Injiniya. Farfesa kuwa, shugaban wani sashe a bene na uku, har yau "yarinyar kwamfuta" yake kiranta, ita da ke da 'ya'ya uku.

Ran Litinin da hantsi ya kira ta ofishinsa. Ya turo mata kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka da bayan biro, ko kallonta bai yi ba.

"Ta mutu. Akwai takardar da zan aika wa mujalla ran Juma'a. Ki tashe ta."

Tana ɗauka yatsunta suka manne a murfin. Da ta isa ɗakin gyara ta sa safar hannu, ta kwance kusoshin, ta ɗaga bayan. Wani wari ya buge ta, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Shayi mai madara ya daskare a kan allon wayoyin, ga burbushin biskit, ga guntayen farce da aka yanke aka bari suka faɗa tsakanin madannai. Sai kyankyasai ƙanana suka fara fitowa ta wajen fanka, ɗaya ya hau kan safarta. Ta yarfe hannu, ta fita baranda tana tofar da yawu.

Na'urar ba ta tasuwa, amma faifan ajiyar lafiyarsa lau. Kafin la'asar ta kwashe fayilolin zuwa wata kwamfutar.

Farfesa ya sauko da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ja kujera kusa da ita, muryarsa ta yi laushi.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Buɗe mini wancan. Yawwa. Akwai wani suna da yake fitowa a bayanan fayil ɗin, ki goge shi ki sa nawa. Kwanan watan ma ki mai da shi baya, kamar shekara biyu."

Ta duba sunan. Na wata ƙaramar malama ne a sashensa, wadda ke hutun haihuwa. Ta gane jadawalan ma. Wata takwas malamar tana zuwa wannan ɗakin, har da tsohon ciki da kumburarrun ƙafafu, Injiniya na nuna mata yadda ake tace alƙaluma. Malamar ta kai wa Farfesa aikin ne don ya duba mata.

"Ranka ya daɗe, wannan ai aikin Malama ne."

"A ƙarƙashina take. Duk abin da aka yi a sashena nawa ne. Ke dai danna abin da aka ce ki danna."

"Ba zan iya ba, Farfesa."

Laushin ya tafi nan take. Ya ce ita wace ce, mai ɗaure waya, da za ta koya masa ƙa'idar bincike? Yana magana yawu na fantsama a kan allon da ta goge ɗazu. Ta matsar da kujerarta baya, ta kwafe masa fayilolinsa yadda suke, ta miƙa masa.

Ta je ta faɗa wa shugaban sashenta. Yana sakace haƙori da kan fil ɗin takarda, ya saurare ta har ƙarshe.

"Injiniya, mu namu waya da allo. Rigimar manya ba tamu ba ce. Da kin yi masa kawai, wa zai sani?"

Wannan ya fi komai ɗaga mata zuciya. Ta fito, ta kira malamar a waya, ta faɗa mata abin da Farfesa ya nema. Tana jin kukan jariri a gefe.

"Ƙanwata, kina da kwafin aikinki? To, yanzu yanzu za ki saka shi a rumbun binciken jami'a da sunanki. Buɗe, ina kan layi."

Malamar ta ce, "Yaya, shi ne zai sa hannu a ƙarin girmana."

"Na sani. Buɗe dai."

Suka gama cikin minti ashirin.

Farfesa bai aika komai ran Juma'a ba. Sai dai ya rubuta ƙorafi shafi biyu cewa Injiniya ba ta da ladabi, aka ɗauke ta daga taimakon bincike aka mai da ta kula da majigin azuzuwa, tana hawa tsani tana share ƙura.

Bayan wata bakwai takardar ta fito a mujalla. Malamar ta turo mata da saƙon godiya mai tsawo. Sunan malamar ne a farko, gaskiya. Amma ga na Farfesa a biye, kuma a ƙasa an gode masa bisa "jagoranci irin na uba". Injiniya ta karanta layin sau biyu, ta ja tsaki, ta kife wayar a kan tebur. Ba ta iya amsa saƙon ba sai washegari.