Muryar Inna Tabawa

A shekarar da soja suka karɓi mulki, damina ta riga ta yi gardama, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Halidu, malamin lissafi a wata makaranta a Yamai, ya je ƙauyensu can bayan Tawa ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Ba da son ranta ta biyo shi ba. Rumbu ya ƙare, awaki sun tafi ɗaya bayan ɗaya, dole ce ta sa ta hau mota. Ba ta daɗe a gidansa na Yantala ba hawan jini ya kayar da ita a gindin randa. Ta farfaɗo, amma hannun dama da harshe ba su farfaɗo tare da ita ba. Matar da ake jiyo faɗanta tun daga bakin rijiya, yanzu sai dai ta nuna da yatsa.

Abin da ya rage na muryarta a duniya yana cikin wani ɗan kaset da zai ɓace a tafin hannu. Halidu ne ya ɗauka da kansa wata kaka mai albarka, lokacin da ya sayi kamera ta hannu yana yawo da ita ƙauye kamar ɗan jarida. Kamerar ta tsufa, batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take buɗe ido. Ga shi ta koyi mugun hali. A makon da ya wuce ta tauna kaset ɗin bikin aurensu, ta tofo zaren a cukurkuɗe. Bikin bai dame shi sosai ba, amarya tana nan tana masa tsiya kullum. Kaset ɗin Inna kuwa, in ya tafi, ba zai ƙara jin muryar uwarsa ba har abada, kuma wannan tunanin ya hana shi sakat.

Matarsa Habsatu sakatariya ce, ita ta san kan kwamfuta. Ranar Asabar da hantsi ta aro ƙaramar kwamfuta daga wurin aikinsu, da wayar da ake haɗa ta da kamera, ta jera su a kan teburin falo.

"Baban Mariya, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Wannan ba irin kle ba ne, ɗan filashin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafe a tashi. Sai kaset ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe, ordinater, kwamfutar nan, tana sha a hankali. In ka taɓa wani abu, ko kuran ya tafi, wato aka ɗauke wuta, sai an koma baya."

"In an koma baya kuma ta cinye shi."

"To, ka zauna a kan hannuwanka."

Halidu mutum ne mai gaggawa, shayi ma a tsaye yake sha. Ya tashi ya kashe firij da rediyo, wai kada su fusata wutar. Fanka kaɗai ya bari, saboda zafin bazara ya kai inda ya kai, kuma Inna tana jingine da filo a kan tabarma. Da ya gyara mata filon sai ta kawar da kai gefe, kamar yadda ta saba.

Shi ne ɗanta na fari. Kakarsa ce ta goya shi, kuma tun tasowarsa Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Yana yaro "kai" ne ko "wancan", da ya fara koyarwa ya zama "Mushe", kamar yadda ƴan makaranta ke kiransa. Bai taɓa ganin laifinta ba, haka aka tarar ana yi. Amma gaskiya abin yakan ɗan sosa masa rai in ya ji tana kwarara wa ƙannensa kira, suna bayan suna.

Habsatu ta yi bisimilla ta danna. Kamera ta yi ƙara kamar za ta yi tari, sannan hoto ya fito. Ga dammunan gero jibge sun fi mutum tsawo, ga mata suna sussuka, ƙaiƙayi na tashi. Ga Inna da ƙibarta ta da, zane ɗaure a ƙirji, ta juyo da taɓarya a hannu.

"Kai, Mushe, kawda abin ga daga huskata! Mi kaka so da tsohuwa? Tahi ka ɗauki masu kyau!"

Halidu ya ji muryar ta doke shi a ƙirji. Ya yi dariya, hawaye suna zuba, bai ma damu ya share ba. Inna a kan tabarma ta ƙura wa matar nan mai ƙarfi ido, leɓenta na motsi. Suka kalli faɗanta da akuyar maƙwabta, suka kalli rabon fura, suka ji ta tana yi wa wata jikarta waƙar raino.

Can sai hoton ya karkace. Sama ta wuce, danga ta wuce, aka tsaya a kan ƙasa da gefen ƙwarya da ƙafafun kaji. Halidu ya tuna. An kira shi gaisuwa ne a zaure, ya ajiye kamerar a kan kifaffen turmi ya fita, yana zaton ya kashe. Duk lokacin da ya kalli kaset ɗin, nan yake tsayar da shi.

"Nan ya ƙare," ya ce, ya miƙa hannu. "Tsai da ita, kada mu ja ta da nisa."

Habsatu ta buge hannun. "Wajen tsayarwa ta cinye wancan. Bar ta ta kai ƙarshe da kanta."

Daidai nan fanka ta rage gudu, hasken kamerar ya yi ƙyafta. Halidu ya dafe kai yana salati. Fankar ta yi kamar za ta tsaya, ta yi shawara, ta ci gaba. Kaji suna ta tsattsage a allo. Sai ga muryar Yelwa, ƙanwar Inna, kusa da kamera ƙwarai.

"Ɗan naki ya yi ƙiba, Yamai ta karɓe shi."

"Ƙibar mi?" in ji Inna. "Kumburi na. Ba shi zama shi ci abinci, kullum a tsaye kamar mai bin mota." Sannan ta rage murya. "Yelwa, ba kowa?"

"Ba kowa, duk suna zaure."

"Halidu," in ji Inna. Ta faɗe shi a hankali, ta ja ƙarshensa. "Halidu nawa."

Yelwa ta kwashe da dariya. "Yau kuma! Ba ki jin kunya?"

"Ina ji mana. In ina daka nika hwaɗa tai, taɓarya ta ruhe, ba mai ji. Suna mai daɗi haka, kowa na kira sai ni."

Halidu ya kasa ɗaga kai. Inna ta sa hannun hagu ta jawo mayafi ta rufe fuskarta ruf. Kaset ya ci gaba da nuna kaji har ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Habsatu ta duba, ta ajiye fim ɗin, ta sake dubawa.

"Ya shiga," ta ce. Sannan ta matso kusa da kunnensa. "Baban Mariya, ana iya yanke wurin nan. Saboda Inna."

Duk fim ɗin ba abin da yake so kamar wurin nan. Amma asirinta ne, kuma ba da saninta aka ɗauka ba, ga shi ba ta da bakin da za ta kare kanta. Ya sauko daga kujera ya durƙusa a gefen tabarma, idonsa a ƙasa.

"Inna, ki yi mini gafara, ban san tana ɗauka ba. In kin ce a cire, yanzu za a cire."

Mayafin bai motsa ba. Sannan hannun hagun nan da ya rame ya fito daga ƙarƙashi, ya nuna kwamfutar, yatsa ya juya baya sau ɗaya, ya ƙara juyawa.

Halidu ya dubi matarsa, bai gane ba.

"Cewa take a maido shi baya," in ji Habsatu.

Ta ja hoton baya, kaji suka dawo allo, ta ƙara sauti. Yelwa ta ce ba kowa. Muryar Inna ta cika falon, ta kira sunan, ta ja ƙarshensa.

Halidu ya juya wajen tabarma ya ce, "Na'am, Inna."