Gadon Wilfred a Kicin

Lorna ta sake ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen ɗumin falo, wanda ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki. Samansa da ɗan ɗumi, ƙasansa kuwa sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ta ja tsaki, ta leƙa taga, ta dawo ta sake taɓawa, sai ka ce taɓawar ce za ta gyara shi.

Yau ake sa ran sallamo mahaifinta, Wilfred, daga asibiti bayan ciwon huhu. Amma nas ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: da la'asar za ta zo duba gidan, in ɗakin kwanansa babu ɗumi, gidan tsofaffi za a wuce da shi. Jiya tsohon ya riƙe hannunta ya ce in aka kai shi can, ba zai ga ƙarshen hunturu ba. Hawan bene ya gagare shi, shi ya sa ta sauko da gadonsa falo. Tsoro take ji, sosai.

Darrell mai gyaran famfo, tsohon ɗan ajinsu, bai iso ba sai da rana ta raba. Mutum ne da ko gobara ba ta sa shi sauri. Ya jona injinsa da bututun gidan, ya ja tiyo zuwa magudanar bayan gida, sannan ya tambayi ina shayinsa. Ruwan da ya fara fita baƙi ƙirin ne, mai kauri kamar kunu. Ya ce tsatsar shekaru ce ta kwanta ta hana ruwan zafi zagayawa.

"Rabon da a wanke bututun nan, Lorna, tun ina da gashi a kaina."

"Ka yi aiki dai, surutun ka bari sai an tashi."

Ya bi ɗaki-ɗaki yana bubbuga ƙarafan da gudumar roba, ita tana biye da shi tana duban agogo. Da suka zo na falo sai ya tsaya, ya shafa ƙasansa. Wilfred irin mutanen da can ne na garin Sheffield: falo na baƙi ne, ba a zama cikinsa. Kafin wannan karon, rabon da a kunna ƙarfen tun ranar da aka ajiye akwatin gawar matarsa a ɗakin. Darrell ya ce tsohon ƙarfe irin wannan, wani lokaci lakar tsatsar ce ke toshe masa huji, in ta fita sai ya yi yoyo.

"Buga," in ji Lorna.

Ya buga. Ba a jima ba gida ya ɗauki ɗumi, ƙarfen falo ya yi zafi har ƙasa. Tana shirin kiran asibiti ta ga baƙin tabon ruwa yana faɗaɗa a kan kafet, dab da ƙafar gadon. Darrell ya durƙusa ya murɗe makunnin ƙarfen ta kowane gefe, ya kashe shi. Sabon ƙarfe kuma, ya ce, sai bayan Lahadi.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta hau bene, ta sauko, ta shiga kicin ta hau wanke kofunan da ba su da datti. Can ta ji gumi a wuyanta saboda ɗumin kicin ɗin, ta cire rigar sanyi. Sai idonta ya faɗa kan kujerar mahaifinta a bakin taga, wadda zama ya lotsa, inda yake wuni yana kallon tsuntsaye a lambu.

"Darrell, ajiye biskit ɗin nan. Zo kama min tebur."

Suna cusa katifa ta ƙofar kicin motar nas ta tsaya a waje. Matar ta shigo, ta dubi tebur a falo, ta dubi gado tsakanin firji da taga.

"Gado a kicin?"

Lorna ta gyara matashin kai, tana haki.

"Falo na baƙi ne. Baba kuwa gida zai dawo."

Ɗumin kicin ya ratsa nas. Ta fara ɓalle maɓallan kwat ɗinta.