Gindin Faranti

A garin Burslem na ƙasar Turawa, wanda aka haifa cikin hayaƙin gidajen tangaran ba ya kai loma baki sai ya juya faranti ya duba tambarin masu yin sa. Mavis Shufflebotham ta yi shekara arba'in tana ja wa farantai layin ruwan zinare har yatsunta suka karkace, saboda haka ita abin ya shiga jininta.

Ranar da iyayen saurayin jikarta Bryony za su zo daga kudu ganin dangi, yarinyar ta tare ta a bakin ƙofa.

"Kaka, don Allah yau kar ki taɓa gindin farantin kowa. Mutanen nan da ma kallon ƙauyawa suke mana. In kika kunyata ni ba zan ƙara haɗa ido da su ba."

"Ji mini uwar iyayi. Ke za ki koya mini zama da mutane? To na ji, na yi alkawari."

Gidan abincin a cikin tsohuwar matoyar tangaran yake, irin mai siffar kwalba, waɗanda a da suka cika garin har rana ba ta samun wurin leƙowa. Mavis ta ɗaga kai ta dubi baƙin da wuta ta bari a jikin bulo. Marigayi mijinta ya sha shiga irin wannan wuri da kaya a ka tun bai gama hucewa ba. Yanzu tebura aka jera, har da furanni.

Aka kawo nama da dankali, romo na iyo a kai. Uban saurayin, Mista Pemberton, yana ba da labarin cunkoson hanya. Mavis ta danne hannuwanta a cinya. Amma idonta na kan layin zinaren farantinta: siriri ne, sai wuri guda da ya ɗan yi kauri, inda aka ɗage buroshi. Ta san wannan hannun.

Ba ta san lokacin da ta ɗaga farantin sama ta leƙa ƙasansa ba. Romo ya kwararo, ya sauka a wandon Mista Pemberton.

Matarsa ta tsuke baki tana miƙa masa tsumma. Bryony ta sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri," in ji Mavis. Ta miƙa wa jikarta farantin a kife. Kusa da tambarin kamfanin da aka daɗe da rufewa akwai jan ɗigo uku, don kowace mai zane tana da alamar da take sa wa aikinta a san na waye.

Bryony ta daɗe tana kallon ɗigon. Tun tana yarinya take ganin irinsa a gindin kofin da take shan shayi.

Sai ta gyara zama, ta juya farantin wajen surukanta.

"Kakata ce ta zana wannan," ta ce. "Ku gama cin naku tukuna, sannan mu duba."