Kwabban da Suka Kwana a Ɗakin Altine

"Mi kike yi haka, Tabawa? Kuɗɗi ake wankewa?"

"Awo, Malam. Wanga dai sai an wanke shi."

Ladan ya tsaya da sandar garwa a kafaɗa yana kallon matarsa. Tana tsugune a bakin randa, ta zuba kwabban cefane a ƙoƙo tana cuɗa su da toka kamar mai wankin hanji. Ya girgiza kai ya fita, don ruwan makaranta na jiransa.

Ba ƙazanta ce ta dame ta ba, ƙamshi ne. Kuɗin nan duk ranar kasuwa da ƙamshin turaren wuta suke shigowa gidanta, turaren ɗakin wata mace.

Ladan shi ke ɗebo wa makarantar elementare ta Jega ruwa daga gulbi, tun shekarar da Nasara suka sa aka buɗe ta. Da can duk ranar kasuwa babban malami ke ba shi ladansa a hannu, ya biya ta rumfar mahauta, ya shigo gida yana waƙa. Sai aka aiko daga Birnin Kebbi cewa an daina, kowane ma'aikaci sai ƙarshen wata zai karɓi nasa a dunƙule.

Albashin farko a cinyar Tabawa ya zube shi. Ba ta taɓa jin ta kai mace ba kamar ranar. Da yake kwabo da anini masu huda ne, sai ta murza zare ta shirya su kashi huɗu, kowace kasuwa da zarenta, ta rataye a bayan gado. Ta yi tattali iyakar ƙoƙarinta. Ranar da aka ga jinjirin wata ta tsinke abin da ya rage, ta aika aka sayo tsoka da man shanu, ta yi miyar da maƙwabta suka ji ƙamshinta, tunda ai gobe za a biya Malam.

Ba a biya shi ba. Ashe watan Nasara ba ruwansa da na sama, bai mutu ba tukuna, kuma babu wanda ya gaya mata. Kwanakin da suka biyo baya da kunun kanwa suka rayu, Ladan na ɗaukar garwa biyu da yunwa har jiri ya kayar da shi a gaban 'yan makaranta. Bai zage ta ba. Da ma ya zage ta! Albashi na biyu kawai ya wuce da shi gidan Altine, uwar adashin unguwarsu mai sayar da man gyaɗa, wadda mijinta ya rasu. Ita ke ajiye kuɗin, tana ba shi zaren na cefane duk kasuwa.

Duk Jega kuwa an san cewa kafin a kawo Tabawa daga Danwarai, Altine Ladan ya fara nema, iyayenta suka ba wani mahauci.

Wannan ne ke cin Tabawa. In ya ce zai biya ya karɓo, sai ta riƙa auna inuwar katanga har ya dawo. Me ake faɗa a zauren nan da miƙa zare ɗaya zai daɗe haka? Kuma zaren Altine bai kai tsawon nata na da ba. Miya ta tsinke, nama ya zama sai an yi bincike a tukunya. Ta tabbata a ranta matar nan na gutsurar guminsa, shi kuma ya sani ya yi shiru, irin shirun da namiji ke yi wa wadda yake so.

Da kasuwa ta zagayo ta riga shi. Yana fita gulbi ta ja mayafi ta nufi gidan Altine. Ta iske ta a tsakar gida tana matsar tunkuza, hannu duk mai.

"Lale da amaryar Ladan! Yau ke da kanki? Ko ya gaji da tahiya?"

"Ina kwana, Yaya. Na zo karɓar na cefane."

Altine ta goge hannu, ta shiga ɗaki ta fito da zaren kwabbai, ta ajiye mata a tabarma. Ƙamshin nan ya bugi hancin Tabawa.

"Ki rage barkono a miya," in ji Altine. "Cikinshi ba ya so, tun yana saurayi."

Tabawa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ɗaga zaren sama tana jijjiga shi.

"Na san cikin mijina, Yaya. Abin da ban sani ba, ina sauran? Ni da na raba huɗu, zarena ya fi wanga tsawo."

Altine ta kwashe da dariya har tana riƙe ƙugu. "Huɗu! Shi ya sa kunka sha kunu. Ni biyar nike rabawa, ƙanwata. Kina tsammanin na san watan Nasara? Wallahi ban san ranar tsayuwarshi ba, ban san ta mutuwarshi ba. Na dai lura wani sa'in kasuwa huɗu yake ci, wani sa'in biyar. To sai in shirya mishi biyar, ya zo yadda ya ga dama."

Tabawa ta dubi zaren da ke hannunta. Abin ya yi sauƙi har ya ba ta haushi. Wannan ne duk ilimin da aka fifita a kanta?

"In wata ya tsaya a huɗu fa? Na biyar ɗin ina yake zuwa?"

"Tukuicin ajiya ne," in ji Altine, ta koma kan turminta. "Shi ya ce in riƙe. Da shi na ƙara gyaɗa a Aliero." Ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa. "In kuwa wani abu kike tunani, kwantar da hankalinki. Mijinki mutumin kirki ne, amma ni mai garwa ba ya gabana. Ko da can ban so shi ba."

Tabawa ta zo da shirin jin cewa ana son mijinta, ba ta zo da shirin jin an raina shi ba. Wannan ya fi zafi. Mutumin da kafaɗarsa ta yi kanta, yake miƙa wa matar nan zare guda kyauta, ita kuma ko kallo bai ishe ta ba! Hawaye suka cika mata ido, ba ta san na kishi ne ko na tausayinsa ba. Ta ɗaure kuɗin a bakin zane ta fita ba sallama.

Da azahar Ladan ya shigo, rigarsa a jiƙe. Ya iske ta zaune a ƙofar ɗaki tana murza zare a cinya, ba ta ɗora komai a murhu ba.

"Altine ta ce kin je," ya ce a hankali. "Tabawa, ba don wani abu na kai mata ba. Tsoro na ji, kada mu sake..."

"Na sani, Malam."

"To mi ya kai ki?"

Ta miƙe, ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma za su ji.

"Ranar da za a biya ka, ni da kaina zan tsaya a ƙofar makaranta, babban malami da yaranshi su kalle ni in sun so. A hannuna za ka zuba. Biyar zan raba su, kuma na biyar ɗin nawa ne."